Ƙarar da ke Tayar Baya

Talata, da hantsi

Ya sake kwance babur ɗin a tsakar gida. Ya shimfiɗa buhu daidai ƙofar ɗakin ɗinkina, ya jera notuna a murfin gwangwanin fenti kamar mai kasa kaya a kasuwa. Ƙaninsa na kwance a asibiti da ƙarfe a cinya, shi kuma ga shi nan yana shafa wa ƙarfe giris. Ya gaishe ni. Ban amsa ba.

Tun ranar hatsarin na faɗa masa, kuma ni ba na magana biyu. Ran da aka sallamo Auta, kada ya tarar da shi a gidan nan, shi da wannan ƙatuwar dabbar tasa mai akwatuna a gefe. Ɗakin asibitin ma ƙafarsa ba za ta taka ba. Babban wa ya goya ƙaninsa a bayan babur, ya dawo mini da ƙafafunsa ko ƙwarzane babu, yaro kuma a motar asibiti. A nan ba zan rubuta shi da komai ba sai mai babur, tunda abin da ya zaɓa ke nan.

Talata, bayan la'asar

Ta taga yake mini bayani, ina kan keken ɗinki.

"Umma, wallahi ba gudu nake ba. Na saki totur a kwana, da na sake murɗawa sai ya yi ƙwas, ya fizga, kamar an hankaɗe mu daga baya. Akwai wasa a wani wuri tsakanin inji da taya. Wani abu ya saki. In na samo shi za ki gani da idonki."

Na ƙara taka keken har ƙararsa ta rufe muryarsa. Na yi sakandare, ban fito daga rami ba. Na san mutum in ya yi ɓarna, abin da ba ya iya kare kansa yake nema ya ɗora wa. Marigayi babansu bai taɓa ɗora wa guduma laifin yatsansa ba.

Laraba, da azahar

Asibiti. Ƙanwata ce ke kwana da shi, ni ina yini. Auta ya rame, wuyansa ya fito. Ya ci rabin abin da na kai. Ya ce, "Umma, ina Yaya?" Na ce yana wurin abin da ya fi so. Ya hau wasa da bakin bargo.

Ƙanwata ta biyo ni har baranda. "Yaya, ki bar shi ya leƙo mana, ko daga ƙofa ne. Kullum sai na gan shi a gindin bishiyar bakin get, yana tsaye kamar mai gadi."

Na ce ya yi ta tsayuwa. Ƙafafunsa biyu lafiya lau suke, sun iya tsayuwa.

Alhamis, da safe

Baƙin mai a ƙofar ɗakina. Na taka da silifas.

Alhamis, da yamma

Ya kawo bakaniken nan da suke kira Guduma, mai ƙaton ciki da bakin da ba ya rufuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ya mai jiki, na amsa masa don shi ba ɗana ba ne. Na zauna a bakin ƙofa ina kalmasa, duk abin da suka yi a kunnena.

Suka ɗora babur ɗin a ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Guduma ya sa yatsa ya ɗaga cen, wato sarƙar da ke jan tayar baya, ya ce, "To ga ɓarawonka nan. Cen ne ya yi sako-sako. Miƙo sifana in ɗaure maka shi kamar tsirkiya."

Mai babur ya ce, "Kada ka ɗaure. Na auna, yatsa biyu ne, haka ake so. In ka matse shi zai cinye mini boris ɗin taya."

"Ji shi! Yau kwastoma ke koya wa oga. Kai da aikinka injin rijiya, me ka sani a babur banda hawa?"

"Ko dai robobin cikin taya ne?"

Guduma ya kama farantin nan mai haƙora da cen ke bi a kai, ya girgiza da hannu biyu har tumbinsa na rawa. "Ka gani? Ko motsi bai yi ba. Robobin nan ni na sa maka su bara da hannuna. Mama, ki zama shaida, ya zargi aikina a gabanki."

Na ce ni ba shaidar kowa ba ce. Na tambaye shi, babur ɗin lafiya yake ko ba lafiya ba? Ya sosa kai ya ce shi dai bai ga komai ba. Na ce madalla, ni ma abin da na gani ke nan tun farko.

Mai babur bai ɗago ba.

Asabar, da hantsi

Ina yanka wa wata kwastoma bakin siket, almakashina mai haƙoran zarto ya dinga tauna yadi. Tun da Auta ya ɗauke shi kwanaki, lokacin da mai babur ya yi doguwar tafiyar nan ta aiki da motar kamfani, bai sake ci ba. Har haƙori ɗaya ya gutsure. Ya ce wani aikin makaranta ya yanka da shi. Na yi masa faɗa a lokacin, yau ina ma ban yi ba. Na ajiye almakashin na shiga ɗaki.

Lahadi, da yamma

Ya mayar da komai ya fita titi. Daga bakin layi zuwa wajen mai shago, ya dawo, ya koma. Ya murɗa ya saki, ya murɗa ya saki. Maƙwabta na leƙe. Ko kunya babu. Matar mai shago ta ce mini, "Ashe har ya samu zuciyar sake hawa." Na ce wasu ai zuciyarsu ta roba ce.

Ya dawo yana goge gumi, ya ce wa bango, ba ni ba, "Shiru. Ba ya yi."

Ai ba zai yi ba.

Litinin, da safe

Ya gaishe ni. Ban amsa ba.

Talata, bayan azahar

Yau ƙaramin farantin gaba ya buɗe, na jikin inji. Ya duba notinsa, ya bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya da farce, ya sa giya ya juya taya gaba da baya yana kara kunne kamar likita. Bai je aiki ba. Abincin da na rufe a kicin, wanda ban ce na kowa ba ne, yana nan yadda na bar shi.

Can ya zo ƙofa ya tsuguna, hannuwansa baƙi ƙirin.

"Umma, na gane wani abu. Ni kaɗai ba ya yi. Ranar mu biyu ne, ga kaya a akwatuna. Sai da nauyi a baya. Na tambayi mutum uku a layin nan, kowa ya ce yana da uzuri. In za ki zauna a baya, daga nan zuwa bakin layi kawai, a hankali..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, ɗaya bai ishe ka ba? Sai ka haɗa da uwarsa? Na ce masa abubuwa da dama, ba duka zan rubuta ba. Babu ƙarya a ciki. Uwa ba ta faɗa wa ɗanta ƙarya don ya ji daɗi.

Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," ya tashi.

Laraba, da la'asar

Ya cika buhu biyu da yashi daga gidan da ake gini, ya ɗora a kujerar baya, ya ɗaure da igiya. Ina tsaye a ƙofar gida ina jiran mai kawo mini zare. Ba shi nake kallo ba.

Ya kai kwanar mai shago, ya saki, ya murɗa. Na ji ƙarar daga inda nake. Ƙwas. Babur ya zabura, buhun sama ya suɓuce ta baya, ya faɗi a kwalta ya fashe.

Ya tsaya. Ya sauko. Ya daɗe a tsaye a kan buhun, hular kwano a hannu. Sai ya durƙusa yana tara yashin da tafin hannunsa.

Na shiga gida. Mai zare ya yi ta sallama, ban fito ba.

Laraba, bayan magariba

Igiyar ce bai ɗaure da kyau ba. Shi ke nan.

Juma'a, da yamma

Asibiti. Ƙanwata, da bakinta da ba ya riƙe komai, ta ba Auta labarin buhun yashi. Ya ce, "Umma, Yaya ya buɗe tayar baya?" Na ce ko a gadon asibiti ma zancen babur ne? Shi ya kai ka inda kake. Ya sake cewa, "Ya buɗe?" Na ce ban sani ba, ni ba 'yar gareji ba ce. Ya juya fuska bango. Kafaɗarsa na motsi. Na ɗauka ciwon ne, na kira nas, ta duba ta ce bai kai lokacin allura ba.

A baranda ƙanwata ta ce, "Yaya, wai ni kam, lokacin da babban ya yi tafiyar nan, wa ya bar wa makullin babur?"

Na ce ta kula da aikin da ya kawo ta. Filas ɗin ma ba ta wanke ba.

Ba zan rubuta zancen makulli ba. Yaro mai shekara ashirin in ya ce wa uwarsa zai ɗan ɗumama inji don kada batir ya mutu, wace uwa ce za ta bi shi titi?

Asabar, da safe

Likita ya ce Litinin ta sama za su sallame shi, da sanduna. Na dawo na faɗa a tsakar gida da ƙarfi, yadda duk mai kunne zai ji.

Asabar, da yamma

Ya wanke kayansa ya shanya. Ya sauko da babbar jakarsa daga kan durowa. Wai wani abokin aikinsa zai ba shi wurin kwana. Bai roƙe ni ba. Taurin kai irin na dangin ubansa. Yaron kirki da ya zo ya kama ƙafata.

Talata, da hantsi

Ya jira Guduma kwana biyu, don notin tayar baya ya ƙi kwancewa da sifanarsa. Yau ya zo da wani dogon ƙarfe, yana mita. "Na ce maka robobina lafiya suke. In muka buɗe ba komai, sai ka sayo mini lemo mai sanyi, ka kuma ba ni haƙuri a gaban Mama."

Na fito kwashe shanya. Shanyar tawa ce, tsakar gidan nawa ne, ba na buƙatar izinin kowa.

Suka zare tayar suka kwantar a kan buhu. Mai babur ya ɗaga farantin mai haƙora. Ashe a ƙarƙashinsa akwai ramuka a kewaye, kowanne da dunƙulen baƙar roba, su ne ke tare fizgar inji kafin ta kai ga taya. Robobin sun tsuke, sun farfashe, ɗaya ya zama gari. A jikin kowanne kuma an cusa yankakkiyar robar tub ɗin keke, an ninka, an danna. Wasu sun narke sun manne, wasu sun zame sun taru a gefe guda.

Guduma ya saki baki. "La'ilaha! Shi ya sa da hannu ba ya motsi. Ciko aka yi masa. Da hannu zai riƙe, da mutum ɗaya ma zai yi haƙuri, amma ka ɗora mutum biyu da kaya, ya ɗau zafi, sai ya tofar da cikon. Wane ɗan gwanin ne wannan?" Ya zaro guda ya ɗaga sama. "Ji, har da ado! Baki kamar na siket ɗin amarya."

Bakin robar haƙora-haƙora ne, kamar zarto.

Mai babur ya karɓe daga hannunsa. Ya ce, "Wanda na sayi babur ɗin a wurinsa ne ya sa."

"Kai, wane irin wanda ka saya? Ni da na buɗe wurin nan bara, babu ko..."

"Na ce wanda na saya a wurinsa ne."

Ya tsince su kaf, ya zuba a aljihun wandon aikinsa. Bai kalli ɗakin ɗinki ba. Bai kalle ni ba. Guduma ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce bari ya je kasuwa neman sababbin robobi, ko lemon bai tsaya karɓa ba.

Na bar rabin shanyar a igiya.

Laraba

Ban yi ɗinki ba. Kaina ke ciwo.

Alhamis, da azahar

Ya fita, ya bar wandon aikin a rataye a ƙusa. Ni ba mai laluben aljihun mutane ba ce, amma wando mai baƙin mai ba ya zama kusa da yadin kwastoma. Da na ɗaga, suka zubo.

Na ɗauki guda na shiga ɗaki. Na yanka ƙyalle da almakashina, na jera su gefe da gefe a kan keke. Duk inda ƙyallen ya tsallake haƙori ɗaya, robar ma ta tsallake.

Ina zaune a wurin ya shigo tsakar gida. Ya ga wandon a ƙasa. Ya zo ƙofa, ya ga abin da ke kan keke.

Shi ya fara magana. "Umma, tsoro ya ji. Ya yi ta figarsa ba na nan, ya ji ya fara ƙara, ya ɓoye kafin in dawo. Da ni ne a shekarunsa, haka zan yi. Ƙafar nan ta ishe shi jinya, kada a ƙara masa."

Na ce wa ya tambaye ka?

Ya ce babu.

Na ce, kuma ka yi wa bakanike ƙarya a gabana, a gidan ubanka. Ƙarya ƙarya ce, ko don wa aka yi ta. Ba haka na rene ku ba.

Ya ce, "Haka ne, Umma."

Ya kwashe robobin daga kan keke, har da ƙyallen, ya fita da su. Na ji ƙarar murfin bola.

Juma'a, da yamma

Asibiti. Na kai masa abinci, na zauna har ya cinye. Ya yi ta satar kallona. Akwai maganar da za mu yi ni da shi, amma sai ya taka da ƙafarsa. Ba zai tsallake ta ba, auta ko ba auta ba.

Da zan fita na hango wani a gindin bishiyar bakin get. Na bi ta ɗaya ƙofar.

Lahadi, bayan la'asar

Sun sa sababbin robobi. Ya share tsakar gida. Jakarsa na bakin ƙofa, a zuge.

Na ce ba na magana biyu. Kowa a layin nan ya san ni da haka.

Litinin, da yamma

Na fito da safe da mayafina da kwandon asibiti, zan tari mota. Ya riga ya fitar da babur, ya ɗaure jakar a kujerar baya. Yana jira in wuce ya yi mini sallama.

Na tsaya. Na ce, sababbin robobin nan, an gwada su da mutum a baya?

Ya ce, "Da yashi dai. Ba wanda ya yarda ya hau."

Na ce, shi ne za ka hau titi da abin da ba ka tabbatar ba, ka je ka karya ɗan wani? Sauke jakar nan.

Ya tsaya yana kallona kamar bai ji Hausa ba. Na ce ko sai na kwance da kaina? Ya kwance igiyar. Ya mayar da jakar cikin gida. Ya ɗauko ɗaya hular kwanon, wadda gefenta ya goge da kwalta. Na karɓa na sa a kan ɗankwalina.

Matar mai shago ta fito har tsakiyar titi da tsintsiya a hannu. Na ce mata ina kwana.

Kujerar ta fi yadda na zata tsawo. Na riƙe kwando da hannu ɗaya, ɗayan na rasa inda zan sa, na kama rigarsa. Duk ƙasusuwan bayansa sun fito. Abincin da ake rufewa a kicin ba don ƙudaje ake rufe shi ba.

A kwana na ce ya yi abin nan da yake yi. Ya ce, "Umma, a bari." Na ce yi. Ya saki, ya murɗa. Na runtse ido. Babur ya ja sumul, ba ƙara, ba fizga. Na ce sake. Ya sake. Shiru. Na ce to ka rage gudu. Ya ce, "Umma, mai keke ya wuce mu." Na ce na gan shi, shi ma gudu yake.

A asibiti ya raka ni da kwandon har ƙofar ɗakin, ya ja ya tsaya. Na ce shiga mana, ko katin gayyata kake jira? Wa zai ɗaga mini shi, ni ko innarku?

Ya shiga. Auta ya gan shi, ya ja bargo ya rufe fuska. Na ji yana cewa, "Yaya, ni ne, wallahi ni ne..." Na ji an ce masa, "Rufe mana baki, malam gwanin ciko. Ina sandunan?" Na ja ƙanwata muka tafi karɓar magani. Layin da tsawo, kuma ban yi sauri ba.

Mun dawo da Auta a tasi, babur na bin mu a baya a hankali. Da muka shiga gida, aka kwantar da shi, wansa ya zo ya miƙo mini makullin, yadda ya saba in zai ajiye babur.

Na ce ya riƙe abinsa.

Talata, da safe

Ɗana ya gaishe ni. Na amsa. Har yanzu akwai baƙin mai a ƙofar ɗakina, na ce ya nemi omo ya wanke kafin ya tafi aiki.